Yaji Mai Fitila: Abin Da Sitika Guda Ta Koya Mana A Zangon Kumasi

Goggona ta fi shekara 20 tana daka yaji a Sabon Zango na Kumasi. Yajin tsire ne, irin wanda ake barbaɗa wa cincinga a nan Ghana: ƙuli-ƙuli, citta, barkono, kanumfari, masoro, kimba, da wani abu guda da har yau ba ta gaya wa kowa ba. Da farko a leda take ƙullawa, yara su kai wa masu tsire a Aboabo da Alabar. Da kasuwa ta buɗe sai ta koma zubawa a roba mai murfi, wani yaro ɗan unguwa da ya iya kwamfuta ya tsara mata sitika. Takardar rawaya ce, da jar fitilar ƙwai a tsakiya, da lambar wayarta a ƙasa. Babu wanda ya riƙe sunan da aka rubuta a sama. Daga Nima a Accra har Tamale da Bawku, "mai fitila" kawai ake cewa.

Ana nan sai yaron ya tafi neman kuɗi waje, kwamfutarsa kuma aka sayar. Sitika ta ƙare daf da Babbar Sallah, lokacin da yaji ya fi tafiya. Goggo ta aiki ƙanena Asafo, unguwar masu buga takardu, da tsohuwar roba a hannu. Wanda ya karɓi aikin ya ce wannan ai tsohon yayi ne, bari ya gyara. Rawaya ta koma ruwan lemo, fitila ta ƙanƙance ta koma gefe, aka cike wurin da hoton nama da tumatir da aka sauko da shi daga intanet. Ƙanena ya ga abu yana sheƙi, ya ce a buga. Aka buga 2,000, aka manna, aka loda kwalaye a motar Accra.

Bayan kwana goma mai karɓar kayanta a Nima ta kira waya.

"Hajiya, kayan nan fa ba su tafiya. Mutane sun ce jabu ne, a kawo musu mai fitila."

"Haba 'yar nan, ni na daka shi da hannuna!"

"Na sani, Hajiya. Amma ba zan iya bin kowa gida ina rantse masa ba."

Abin da ya ƙara dagula lamarin, ashe wani ya riga ya fito da nasa yajin a roba mai rawayar takarda da jar fitila, kuma nasa ne ake saye. Na gaske ya koma jabu, jabu ya koma na gaske. Kwalaye suka dawo Kumasi, Sallah ta wuce, kuɗin ƙuli da barkono da ta karɓa bashi suna jiran ta.

Na kawo wannan labari ne domin da yawa daga cikinmu muna ɗaukar zanen da ke jikin kaya ado ne kawai, abin da ake ba yaro ya yi a waya da 'yan sidi kaɗan. Alhali takardar nan ita ce take tsaya maka a inda ƙafarka ba ta je ba.

A da fuska ce shaida

Kakanninmu da suka zo ƙasar nan fataucin goro ba su san sitika ba, amma sun san darajar suna. Salaga ce babbar kasuwar goro a ƙasar Gwanja, har yaƙin basasa na 1892 ya watsa ta, fatake suka bazu zuwa Kete-Krachi da Kintampo da sauran garuruwa. Bayan Turawan Ingila sun shiga Kumasi a 1896, musamman bayan yaƙin Yaa Asantewaa na 1900, sai Zangon Kumasi ya cika ya batse. Jirgin ƙasa ya iso Kumasi daga Sekondi a 1903, goro ya ƙara bin teku zuwa Legas. Alhasan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, ta wannan fataucin goron ya kafa arzikinsa.

A wancan zamani baƙo yana sauka ne wurin maigida. Maigida ya ba shi masauki, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa idan za a ba da bashi. Mai saye ya san fuskar maigida, maigida ya san fuskar bafatake. Ko alamar da ake yi wa huhun goro kafin a loda shi, aikinta a gane na wane ne idan an sauke, sauran kuwa amana ce ta baki da baki.

Yanzu abin ya sauya. Kaya suna tafiya su bar mai su a gida. Turaren wuta da aka haɗa a Asawase yana isa Wagadugu, yajin Sabon Zango yana shiga jakar matafiyi ya sauka a Jamus ko Amurka, inda 'yan Zango suke da yawa. Wanda zai buɗe robar bai taɓa ganin ki ba, Hajiya, ba kuma zai gan ki ba. Abin da yake gani shi ne launi da hoto da suna. Ko a cikin gari ma haka ne: sabuwar kasuwar Kejetia tana da shaguna sama da 8,000, layi-layi masu kama da juna. Lokacin da aka tashi 'yan tsohuwar babbar kasuwa domin gina kashi na biyu, aka mai da wasu Racecourse, wanda abokan cinikinsa suka san shi da rumfa kawai ya sha wuya. Wanda suke riƙe da rasit ɗinsa mai suna da lambar waya, shi suka kira suka tambayi inda ya koma.

Mutanenmu hoto suke riƙewa

Duba yadda muke kiran kaya a kasuwa. Magi mai tauraro. Magi mai zakara. Batir mai kan damisa. A nan Ghana sandar sabulun Key Soap kowa ya san ta da makullinta, ko bai iya karanta harafi ɗaya na boko ba. Matanmu kuwa ba a yi musu wayo a atamfa: kafin su tambayi kuɗi sai sun juya bakin zanen sun duba rubutu da lambar da ke jiki, su gane ko Holan ce ta Vlisco, kamfanin da ke garin Helmond tun 1846, ko GTP ta Tema, ko kuwa kwaikwayo. Kama da wane ba ta wane.

Wannan shi ne darasi na farko ga duk mai son yin tambari. A kasuwar da ake jin Hausa da Twi da Dagbani da Mosanci da Faransanci, inda dattawa da yawa Larabci da ajami suka iya ba boko ba, hoto guda mai sauƙin faɗa ya fi dogon suna aiki. Ka zaɓi abu ɗaya da yaro ɗan shekara bakwai zai iya ambata idan an aike shi: fitila, raƙumi, tulu, dabino. Ka zaɓi launi biyu, in ya yi yawa uku. Sa'an nan ka tsaya a kansu. Allon shago, rasit, katin kasuwanci, leda, hoton da ke kan WhatsApp, duk su zama fuska ɗaya. Ranar da ka fara gajiya da ganin tambarinka, a ranar ne mutane suka fara riƙe shi.

Kar ka kuma ɗauko hoto daga intanet ka ce ya zama naka. Kayan aro ba ya rufe katara. Hoton da ka sauko da shi kyauta, maƙwabcinka ma zai iya saukowa da shi gobe, ba ka da bakin magana. Haka masu amfani da Canva a waya: tsarin da ka ɗauka a shirye, dubban mutane sun ɗauke shi kafin kai.

Kumasi gari ne na masu zanen allo tun kafin kwamfuta ta zo. Kwame Akoto, wanda aka fi sani da Almighty God, ya buɗe wurin zanensa a 1972, allunansa suna nan jere a bakin titi a Suame, har sunansa ya kai gidajen adana zane na Turai. Su masu buroshi da fenti sun san abu guda da yaran kwamfuta suke mantawa: allon bakin titi, mutum yana cikin mota yake karanta shi. In bai gane me ake sayarwa ba kafin mota ta wuce, an yi asarar fenti.

Kafin ka ce a buga

Mafi yawan ɓarnar kuɗi a Asafo tana faruwa ne a cikin minti biyar, tsakanin "ya yi kyau" da "a buga". Ga abubuwan da ya kamata ka sani ko ba ka taɓa taɓa kwamfuta ba.

Launin waya daban, launin takarda daban. Fuskar waya da haske take aiki, tana haɗa ja da kore da shuɗi. Injin ɗab'i kuwa tawada huɗu yake haɗawa: shuɗi mai haske, ja mai ruwan hoda, rawaya da baƙi, abin da masu aikin suke kira CMYK. Shi ya sa koren da ya yi maka ƙyalli a waya yake fitowa a dushe a takarda. Kar ka amince da abin da aka nuna maka a allon kwamfuta. Ka ce a buga maka guda ɗaya a kan ainihin takardar da za a yi aikin da ita, ka fita da ita rana ka duba. In launin ya yi maka, ka sa a rubuta maka lambobin haɗin tawadar, ka ajiye. Da su ne kowace maɗaba'a za ta maimaita maka rawayarka ba ruwan lemo ba.

Hoto yana son tsabta. Ana buƙatar ɗigo 300 a kowane inci kafin hoto ya fito sarai a takardar hannu. WhatsApp yana matse hoto idan aka tura shi a matsayin hoto, sai ya fito da dishi-dishi. A tura shi a matsayin fayil.

A bar gefe. Wuƙar yankan takarda ba ta faɗawa daidai kullum. Shi ya sa ake barin launi ya zarce iyaka da milimita 3, rubutu kuma a janye shi ciki. Sau nawa ka ga lambar waya an yanke mata lambar ƙarshe?

Yawa ne yake zaɓar inji. In ɗari ko ɗari biyu kake so, injin dijital ya fi sauƙi. In dubbai ne, injin ofset ya fi araha, domin kuɗin farantan da ake yi masa sau ɗaya ake biya, kowane kwafi da aka ƙara yana rage tsadar sauran. Amma kar arahar dubu biyar ta ruɗe ka ka buga farashi a jiki, alhali ka san yadda sidi yake hawa da sauka.

Takarda ta dace da kaya. Kwalbar sobolo da burkina a cikin ƙanƙara take kwana, sitikar takarda kuwa narkewa take yi ta bar kwalba tsirara. Ita sitikar roba take so. Yaji da man kaɗanya suna da maiƙo, suna ɓata takardar da ba a lulluɓe ta da leda ba. Katin kasuwanci yana son takarda mai kauri, wajen giram 300, takardar talla ta rabawa kuwa giram 130 zuwa 150 ya isa, girman A5 ko A6 da zai shiga aljihu.

Sai haruffanmu. Salon rubutu da yawa na kwamfuta ba su da ƙ da ɗ da ɓ. Ko dai su fito akwati-akwati, ko mai aikin ya cire ƙugiyar, "masaukin baƙi" ya koma "masaukin baki". Larabci ya fi haka haɗari: in ba a saita manhajar ba, haruffa rarrabuwa suke yi su juya daga hagu zuwa dama, shi kuwa mai aikin wataƙila bai san alif ba, ba zai ga laifin ba. Ka kai wa malami ya duba kafin a buga. Lambar waya kuma ka kira ta daga jikin takardar gwajin, ka ji ko wayarka ce ta yi ƙara. In kayanka suna ƙetare iyaka, ka sa +233 a gaba. Lambar MoMo ma a duba ta sau biyu, don kar kuɗinka su riƙa shiga aljihun wani.

Na ƙarshe, wanda ya ci Goggo: ka karɓi fayil ɗinka. Ba hoton zanen ba, ainihin fayil ɗin da aka tsara shi a ciki, na CorelDRAW ko makamancinsa, tare da PDF. Irin wannan fayil ana iya faɗaɗa shi daga girman kati zuwa girman bango bai fashe ba. Ku yi magana tun kafin a fara aiki cewa kuɗin da za ka biya har da fayil, a rubuta a rasit. Ka ajiye kwafi a filashi a gida, ka tura wani a imel ɗin ɗanka ko 'yarka. Wanda ya ga gobarar Kejetia ta watan Maris na 2023 ya san ba a tara komai a shago kaɗai.

Abin da hukuma take nema

Takardar jikin kaya ba ta mai saye kaɗai ba ce, hukuma ma tana karantawa. Dokar lafiyar jama'a ta 2012 ta ba Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Ghana, wato FDA, ikon rajistar abinci da magani da kayan shafa, har da maganin gargajiya. Ƙa'idar rubutun jikin kaya ta 1992 tana son a ga sunan kaya, abubuwan da aka haɗa, nauyi ko yawa, ranar yi da ranar lalacewa, lambar rukuni, suna da adireshin mai yi, da ƙasar da aka yi shi, kuma da Turanci. Babu laifi ka ƙara Hausa, ko Faransanci saboda Burkina da Nijar da Togo, amma Turancin ya kasance. Ka fara sanin abin da za a nema kafin ka biya kuɗin ɗab'i, don kar a ce ka sake. Mai kai kaya Najeriya kuma ya san can NAFDAC ce.

Masu maganin gargajiya su kula sosai. Tallar magani sai da amincewar FDA, kuma doka ta hana a tallata cewa abu yana warkar da wasu cututtuka da ta lissafa, irin su kansa da ciwon sukari. Takardar da ta jero cuta 30 ta ce kwalba ɗaya ta gama da su, tana iya jawo maka kamu, tana kuma iya sa mara lafiya ya bar asibiti.

Akwai kuma kuskuren da yawancinmu muke yi. Rajistar sunan kasuwanci a ofishin rajistar kamfanoni daban take da rajistar tambari. Ta farko tana ba ka damar yin kasuwanci da sunan. Ta biyu, wadda ake yi ƙarƙashin dokar alamun kasuwanci ta 2004, ita ce take ba ka ikon hana wani amfani da alamarka, tana ɗaukar shekara 10, ana kuma sabuntawa. Rajistar Ghana a Ghana take tsayawa. Ga mai kasuwa a ƙasashen Faransanci akwai sauƙi guda: ƙungiyar OAPI mai hedikwata a Yawunde ta Kamaru ta haɗa ƙasashe 17, ciki har da Nijar da Burkina Faso da Togo da Mali, rajista ɗaya tana aiki a cikinsu duka. Ba kowane mai tebur ne yake buƙatar wannan ba. Amma ranar da ka ji ana kiran kayanka da suna a garin da ba ka taɓa zuwa ba, lokacin ya yi.

Ina takardar za ta ƙare?

Akwai abin da ɗan Zango zai duba wanda mai zane ba lallai ya tuna ba. Muna son albarka, sai mu sa Bismillah ko aya a kan leda da takardar rabawa. To, ina ledar take ƙarewa? A kwata, a bola, a ƙarƙashin takalmi. Abin da za a yar, a bar shi da sunan shago da lambar waya. Mai son haɗa talla da lada ga kalanda mai watannin Hijira, ga jadawalin sahur da buɗa-baki na azumi. Su ana rataye su a bango a girmama su, sunan shagonka kuma yana ƙasa, iyali suna ganin sa safe da yamma. Takardar rabawa ta yini ɗaya ce, kalanda shekara take yi a ɗaki. Amma lokutan da za a buga su zama na Kumasi, daga malaman gari, ba a kwafo na Kano ko na Makka a liƙa ba.

Yaranmu ma suna da rabo a nan. Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah tana nan cikin Kumasi, tana da sashen koyar da tsara zane da na harkar ɗab'i, ga kuma koyon aiki a Asafo ga wanda bai samu shiga jami'a ba. Yaron da ya iya kwamfuta, ya iya Hausa da ƙugiyoyinta, ya iya Larabci daga makarantar allo, ya ji Twi da Turanci, yana riƙe da abin da ba kowane mai zane a garin nan yake da shi ba. Kowane aure da suna da walimar sauka da tafiya Hajji a Zango yana buƙatar kati da sitika. Iyaye su daina ganin mai wannan aiki kamar mai wasa da waya. In kuma ɗanka ne ya yi maka, ka biya shi kamar yadda za ka biya bare, don ya ɗauki abin sana'a.

Ita Goggo, 'yar ƙanwarta da ke karatu a jami'ar ce ta ɗauki tsohuwar roba ta sake zana fitilar layi bayan layi, aka yi ta gwada rawaya har sau huɗu kafin Goggo ta ce ita ce. Aka ƙara abubuwan da hukuma take nema a baya, aka sa hoton fuskarta ƙarami a murfi, wanda mai kwaikwayo ba zai iya ɗauka ba. Ta bi manyan abokan cinikinta ɗaya bayan ɗaya a waya tana yi musu bayani. Wasu sun dawo, wasu har yau suna wurin wancan. Sitika 2,000 masu ruwan lemo suna nan a ƙarƙashin gadonta, ta hana a zubar. Fayil ɗin fitila kuwa yana wuri uku, ɗaya a cikin akwatin da take ajiye takardun gida.

Allah ya ba da kasuwa mai albarka, ya tsare mana sunanmu.